Tartsatsin Walda

Barista ta ajiye jakarta a kan bencin ɗakin ganawa na gidan yari, ta dubi mutumin da kotu ta ba ta ta kare. Kafinta ne dogo, tafukansa duk kanta, yana zaune kamar mai jiran mota.

"Malam, sake faɗa min yadda abin ya faru."

"Na faɗa wa 'yan sanda. Ni na kashe shi."

"Na ji. Ta yaya?"

"Ai ya mutu, Barista."

Ta danne tsakin da ya taso mata. Kullum ta zo haka suke yi, sai ta yi ta jan maganar kamar mai zare ƙusa daga tsohon katako.

Abin da ta samu dai shi ne: bango ɗaya ya raba shagonsa da na mai walda. Shekara da shekaru tartsatsi na tsallakowa yana sauka kan ɓuraguzan katakonsa. Ya yi magana, ya sa an yi magana, a banza. Ranar da tsautsayin ya zo, wuta ta kama har ta ci ƙafar wani gado da ya gama. Ya kashe ta, ya fita a fusace ya hankaɗe maƙwabcin nasa. Wayar injin walda ta harɗe ƙafar mutumin, ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen ƙofar da yake haɗawa. Kafintan da kansa ya kai shi asibiti, can ya cika.

Amma bayanin da ya sa wa hannu a wurin 'yan sanda cewa ya yi guduma ya ɗauka, ya tafi da niyyar kisa.

"Ina ka samo guduma?"

"Ɗan sandan ne ya tambaya ko ina da ita. Na ce wane kafinta ne ba shi da guduma."

"Da aka karanta maka fa?"

"An yi asarar rai, zan tsaya gardamar guduma?"

Ta yi masa bayani a hankali. Wanda ya nufi kisa ko mummunan rauni, hukuncinsa daban. Wanda ya ture mutum cikin fushi ajali ya biyo baya, shi ma daban, kuma tsakaninsu akwai ransa, domin na farkon hukuncin kisa ne.

Ya ce, "A wurin matar mamacin duk ɗaya ne."

Abin ya ƙara ƙular da ita.

A ofis kuma mahaifiyar kafintan ta tare ta. "'Yar nan, ki gaya wa alƙali ba shi ba ne."

"Shi ne, Mama. Niyyar ce babu."

"To ke lauyar wa ce?"

Ranar zama, lauyan gwamnati ya kira mai facin taya na layin, ya shaida ya ji kafinta yana ce wa mamacin wata rana sai ya kashe shi. Barista ta tambaye shi ko ranar ce kaɗai.

"A'a, bakinsa ne haka. Ni ma ya sha faɗa min, har injin yankansa yana faɗa wa."

Likita ya ce rauni ɗaya ne a ƙeya, miƙaƙƙe, irin na gefen ƙarfe, guduma ba ta barin irinsa. Barista ta fara ganin alamar nasara, sai kafinta ya miƙe a akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma.

"Ranka ya daɗe, a daina wahala. Ni na kashe shi."

Ta ji kamar ta cire rigar lauyan ta tafi gida.

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau. "Zauna. Ba wanda ya ce ba kai ba ne."

A hukuncinsa ya ce amsa laifi hujja ce mai nauyi, amma sai kotu ta gwada ta da sauran shaidu. Turewar ta tabbata, gudumar ba ta tabbata ba, kuma zagin da mutum yake yi wa kowa bai isa ya nuna niyya ba. Ya same shi da laifin kisa ba da niyya ba, ya ɗaure shi shekara bakwai.

Ba wanda ya gode mata. Mama ta wuce ta kamar ba ta san ta ba. Kafinta ya tambayi gandiroba ko alƙalin bai yi kuskuren lissafi ba.

A baranda wata mata da goyo ta tsayar da ita. Matar mamacin ce. Barista ta shirya jin baƙar magana, amma matar cewa ta yi 'yan sanda sun kwashi injin mijinta a matsayin shaida, ƙanensa na son ya ci gaba da aikin, ba ta san wa za ta tambaya ba.

"Zo mu je," in ji Barista.

Suka sauka ƙasa, suka tarar da ɗakin ajiyar kayan shaida a kulle, mai makullin ya fita cin abinci. Ta jawo wa matar kujera, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofar tana jiransa.