Ɗigon Kwalli

Sau uku Mastura tana ɗiga kwalli a gefen leɓenta tana gogewa, sai a na huɗu ɗigon ya zauna daidai inda na wata tauraruwar fim ta Masar yake. Hoton matar na manne a jikin madubi, an yanko shi daga mujalla: wuya dogo, ido a lumshe, gashi na sheƙi. Shekara shida ke nan Mastura tana ɗinka wa matan attajiran Jidda rigunan irin waɗannan mata daga hoto kawai, ba ta taɓa ganin ko ɗaya tana motsi ba. Sinimar da ake yi a tsakar wani gida a unguwar Hindawiyya ta maza ce.

Ranar Asabar ne Sitti Zakiya, matar wani Balarabe mai sayar da yadi, ta kama haɓar Mastura ta juya ta wajen haske.

"Wallahi akwai wata a fim ɗin da aka kawo mana, ke ce sak! Ki zo Alhamis bayan la'asar, mata zalla."

Ai fa shi ke nan. Kwana huɗu Mastura ta yi a kan keken ɗinki, ta haɗa wa kanta koriyar riga mai faɗin ƙasa. Uwarta Dela, wadda ta zo Hajji da ƙafa daga Haɗeja ta zauna, ta bi maƙwabta gida-gida da labari.

"Na sha faɗa, kyau a gidanmu yake," in ji Dela. "Yalla, yi maza, kada su fara babu ke."

A falon Sitti Zakiya an saki labule, an rataya farin zanen gado a bango, majigi na ƙara. Mastura ta cire abaya. Mata kusan ashirin suka yi tsit suna kallonta, ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka shirun yabo ne.

Tauraruwar ta bayyana tana saukowa daga bene, riga na jan ƙasa. Kyawunta har ya ba Mastura tsoro. Ta taɓa ɗigon leɓenta, murna ta cika ta.

"Ba wannan ba," Sitti Zakiya ta ce. "Jira."

Tauraruwar ta zauna, ta tafa hannu. Sai ga wata baƙar 'yar aiki da tire, tana sauri tana zare ido. Ta yi tuntuɓe, kofuna suka tarwatse.

"Ga ta! Ga Mastura!"

Falo ya kaure da dariya, wata har da hawaye. Aka mayar da wurin baya don a sake gani.

"Ya Mastura," in ji Sitti Zakiya tana share ido, "ɗauko mana shayi a kicin. Amma ke kada ki faɗi."

Ta ɗauko. Ta zagaya da tire cikin koriyar rigarta, kunya kamar ta nutse, ba ta zubar da komai ba. Wata tsohuwa ta murza gefen rigar da yatsu.

"Masha Allah. Ki ɗinka wa jikata irinta, ita za ta yi mata kyau."

A hanya ta goge ɗigon da bakin mayafi. Ta tarar da Dela a ƙofar gida da maƙwabta uku, tun ɗazu suna jira.

"To, kin gan ta? Kuna kama?"

Mastura ta dubi fuskar uwarta, baƙa irin tata, sai annuri take yi.

"Muna kama, Inna. Sak."

Dela ta juya wajen maƙwabta, ta rangaɗa guɗa.