Rediyo Mai Cin Pil Takwas

Malam Tasi'u mutumin Damagaram ne. A shekarar 1998 ya cika shekara goma sha ɗaya yana riƙe da shago a kasuwar Assihar da ke Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, inda yake sayar da barguna da tarmus na shayi da agogon hannu da rediyo, wani lokaci har da keken ɗinki idan ya samu. Yawancin masu sayensa samarin gida ne, ƴan Nijar da ke leburanci a wuraren gini na Tamanrasset, waɗanda idan sun tara abin da Allah ya ba su sai su zo su haɗa tsaraba kafin su hau motar Agadez.

Bai taɓa shiga lekkol, wato makarantar boko, ba, amma yakan ce shi ya karanci mai saye fiye da yadda mai saye ya san kansa. Ya san cewa idan ka fara nuna wa mutum bargo mai tsadar gaske, na biyun da za ka ɗauko sai ya zama kamar kyauta a idonsa. Ya san wanda ya zo shi kaɗai yakan daɗe yana lissafi, amma wanda ya zo da abokai kunya ba ta barinsa ya fita hannu sake. Ya san abin da aka ce saura ɗaya ya fi shiga rai. Babban abin da ya gano kuwa shi ne, saurayin da zai koma gida bayan shekara biyu ba kaya yake saye ba. Yana sayen irin kallon da za a yi masa ne ranar da aka kwance ɗaurin a tsakar gida, maƙwabta sun taru.

A lokacin akwai wani rediyo da ya tsaya masa a wuya. Ƙato ne, baƙi, da bakin kaset biyu da ƴan fitilu ja da kore da ke rawa idan ana kiɗa. Wata takwas yana zaune a kan kanta. Larabawan gari sun wuce yayinsa, ƴan gida kuma idan sun buɗe bayansa suka ga yana cin manyan pil, wato batura, har takwas sai su mayar da murfin su yi gaba.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar wani saurayi ya tsaya a bakin shagon, siriri, tafin hannunsa duk ya tsattsage saboda siminti. Ya ce sunansa Mahamane, daga wani ƙauye a bayan Tanut, kuma jibi zai tafi gida.

"Malam, keken ɗinki nake so, na hannu. An ce kana da shi."

Tasi'u ya sauko masa da shi ya ɗora a kan tabarma. Mahamane ya durƙusa ya juya hannun keken a hankali, yana sauraron tafiyar allurar. Ya ce na matarsa ne, Rakiyatu. Ta koyi ɗinki wajen gwaggonta a Tanut, kuma duk ƙauyensu babu tela ko ɗaya, sai an yi tafiyar rabin yini. Idan ta samu keke, ita da ɗinki shi da gona, ba sai ya sake tsallako hamada ba.

Yana wannan bayani, Tasi'u ya lura idonsa ya kai kan rediyon nan sau uku. Sai ya miƙe kamar mai neman wani abu, ya jefa kaset ɗin kiɗan gurmi, ya ɗaga murya. Fitilun suka kama rawa, masu wucewa suka fara tsayawa. Sannan ya sosa kunnensa na hagu yana duban shagon da ke kallon nasa. Mai shagon, Musbahu, takalma yake sayarwa, kuma sun daɗe da wannan shiri a tsakaninsu: idan ɗaya ya sosa kunne, ɗayan ya zo ya yi kamar mai saye.

Musbahu ya tsallako yana gyara hula. "Malam Tasi'u, rediyon nan fa da na yi maka magana, mutumin garin Tit ya ce in ɗauko masa yau."

"Ka bari in sallami baƙona tukuna."

"Dubu shida ya ba ni. Ka san babu irinsa a kasuwar nan."

"Na ce ka dakata."

Musbahu ya koma gefe ya tsaya yana shafa rediyon. Tasi'u ya juyo wajen Mahamane, ya rage murya kamar mai ba ƙane shawara.

"Ɗan'uwa, keke abu ne mai kyau, ban hana ka ba. Amma keke ko a Damagaram ka shiga kasuwa za ka same shi. Ba Tahiru na wajenku ne ya tafi bara ba? Me ya kai gida?"

"Rediyo," in ji Mahamane. "Ƙarami."

"To. Shi shekara ɗaya ya yi. Kai shekara biyu kana ɗaukar bulo a ka. Ka shiga gari da abin da za a shige da shi ɗakin mata, wa zai san ka zo Aljeriya?"

Mahamane ya dubi keken, ya dubi hannun Musbahu a kan rediyon. Kuɗinsa ba su isa ya sayi biyun ba, Tasi'u kuwa ya riga ya gane haka tun daga kaurin ƙullin da ke aljihunsa.

"Yana cin pil da yawa?" ya tambaya.

"Daidai girmansa," in ji Tasi'u. "Kuma na farko ni zan zuba maka, kyauta."

Kafin a kira magariba Mahamane ya fita da kwali a ka. Musbahu har ya bi shi da tsaki, wai an yi masa ƙwace.

Da suka zauna cin abinci a gida, Tasi'u ya ba matarsa Khadijat labari yana dariya, har yana kwaikwayon tsakin Musbahu. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ƙauyen nasu akwai wuta?"

"Ina zan sani?"

"Ka sani mana."

Ya ce ai shi bai sa wa kowa wuƙa a wuya ba, ciniki ne aka yi da yardar juna. Ta ce haka ne, ta ci gaba da zuba wa yara miya. Maganar ta tsaya nan, amma tuwon bai yi masa daɗi ba. Bayan ƴan kwanaki harkar kasuwa ta shafe abin daga ransa, ko kuma ya ɗauka ta shafe.

Wata goma bayan haka, yana cikin jera barguna da hantsi, sai ya ji an yi sallama da murya mai fara'a. Ya ɗago, ya ga Mahamane. Ya ƙara ramewa, kuma rigar da ke jikinsa ita ce dai ta wancan karon. Tasi'u ya shirya jin baƙar magana. Sai ga saurayin ya kama hannunsa da hannu biyu yana tambayar iyali, ya miƙo masa ƙullin cuku wai tsarabar gida.

"Ka dawo ke nan?" in ji Tasi'u.

"Na dawo, Malam. Damina ba ta yi ba, gero bai kai mu ko'ina ba."

"Rediyo fa?"

Mahamane ya yi dariya. "Kai, Malam! Kwana uku gidanmu kamar gidan biki. Har mai gari ya aiko a kai masa ya gani. A rana ta huɗu pil suka mutu. Na je Tanut na tambayi kuɗin takwas, sai na ga ya kai na tiya biyar ta gero. Yana nan dai a ɗaki. Rakiyatu ta ɗinka masa riga da hannu, don kada ƙasa ta shiga."

Tasi'u ya ce, "Ita ba ta ce komai ba?"

"Ba ta ce ba. Ta dube shi, ta ce Allah ya sa alheri."

A bayansa akwai samari uku ƴan ƙauyensu da suka gama nasu wa'adin za su koma. Mahamane ya nuna musu Tasi'u ya ce wannan ne mutumin da ya faɗa musu, mai kaya na gaske, wanda ya hana wani babban mutum rediyo ya ba shi. Su ma irinsa suke so.

Tasi'u yana da guda biyu sababbi a cikin kwali, waɗanda ya saro bayan wancan ya fita. Ya tsaya yana dubansu, sannan ya ce, "Ku saurare ni. Abin nan pil takwas yake ci, kuma ba sa kwana huɗu. Inda babu wuta ba shi da amfani. Ku sayi ƙarami mai pil biyu, ragowar ku yi wa gida wani abu."

Suka dubi juna. Babban cikinsu ya ce, "Malam, ko dai ka ga ba mu kai ba ne?"

Ya yi rantsuwa, ya buɗe bayan rediyon ya nuna musu ramin pil ɗin. Suka yi godiya suka fita. Yana tsaye yana kallo suka shiga shago na huɗu daga nasa, kuma ba a jima ba biyu daga cikinsu suka fito da kwalaye a ka.

Kwana biyu abin yana cinsa. Idan ya ta da salla sai ya ga hannun nan mai tsaguwa yana juya keke a hankali. Cukun ma kasa taɓa shi ya yi, ya ba Khadijat ya ce ta raba wa maƙwabta. A rana ta uku ya rufe shago da azahar, abin da bai saba ba, ya bi kwatance har wurin ginin da Mahamane ke aiki, can bayan gari ta hanyar Tit. Ya same shi a inuwar bango yana tsoma burodi a shayi.

Bayan gaisuwa Tasi'u ya zauna a kan bulo, ya ce ya zo neman gafara ne. Ya faɗa masa komai: wata takwas ɗin da rediyon ya yi ba mai so, da kaset ɗin da ya sa da gangan, da yadda ya san zancen pil ya kauce masa.

Mahamane ya girgiza kai yana murmushi. "Haba Malam, ni na saya da hannuna. Idona ne ya so. Ai da ban ɗauka ba, mutumin nan na Tit zai tafi da shi."

"Babu wani mutumin Tit."

"Wanda ya zo da dubu shida fa?"

"Musbahu ne, maƙwabcina. Ni na kira shi. Haka muke yi."

Murmushin ya ɗauke daga fuskar Mahamane. Ya ajiye kofin shayin a ƙasa, ya daɗe yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ka san," ya ce, "duk wanda ya zo kallon rediyon nan sai na ba shi labarin. Ita ma Rakiyatu abin da na faɗa mata ke nan, cewa dama ce ta zo, da na yi jinkiri da an rabu da ni. Har sau nawa na faɗa."

"Ka yafe mini. Akwai keke a shago, ka zo ka ɗauka, ba na son ko dinari ɗaya."

"In kai mata in ce me? In ce wanda ya yi wasa da hankalina ya ji tausayina?" Bai ɗaga murya ba. "Bar shi, Malam. Na yafe, don ni ma ina son Allah ya yafe mini. Amma da ka bar ni da labarina."

Shugaban aiki ya buga ƙarfe alamar a koma. Mahamane ya miƙe, ya naɗa tsumma a ka, ya nufi tulin bulo bai waiwayo ba.

Tasi'u ya dawo kasuwa da ƙafa, ko da yake akwai nisa. Ya tsaya wajen Musbahu ya ce masa daga yau shi ya fita daga shirin nan. Musbahu ya yi dariya ya ce ko wa'azi ya ji a hanya, kuma kafin mako ya zagayo ya ƙulla da wani mai agogo. Tasi'u bai zama wani mutum dabam ba. Ya ci gaba da fara nuna bargo mai tsada, domin hannunsa ya riga ya saba. Amma duk saurayin da ya shigo ya ambaci abin da aka aiko shi daga gida, sai ya ba shi abin nan ya sallame shi da sauri, kamar mai tsoron bakinsa. Khadijat ta lura ciniki ya ɗan ja baya, ba ta tambaya ba.

Mahamane bai sake takowa layin shagonsa ba. Bayan Babbar Salla wani direban babbar mota mai suna Hasan ya ce ya gan shi a In Amguel, ya bar ɗaukar bulo ya fara koyon ɗora shi a hannun wani magini ɗan Agadez. Tasi'u ya ce idan ya sake bi ta can ya gaishe shi, ya ce Tasi'u na Assihar ne. Da Hasan ya dawo ya ce ya isar, kuma yana amsawa.

"Bai ce komai ba bayan haka?"

"A'a. Yana amsawa kawai ya ce."

Bayan wata biyu ya sake aikawa. Wannan karon Hasan ya dawo ya ce aikin can ya ƙare, an ce maginin ya kwashe mutanensa sun yi arewa wajen In Salah, kuma babu wanda ya san ko a wace unguwa suka sauka.