Kyamarar da Aka Musanya da Mota

Malam Taufiƙ ya yi shekara talatin da ɗoriya yana ɗaukar hoto a Port Môle, tashar jirgin ruwa ta birnin Libreville. Duk wanda ya sauko daga jirgin ruwa da sabuwar riga, duk ɗan dakon da ke son aika wa mutanen gida shaidar cewa ya zama wani abu a Gabon, ya taɓa tsayawa gaban kyamararsa. Amma da Allah ya yi masa rasuwa, aka birkice gidansa na unguwar Lalala kaf, ba a samu hotonsa ko ɗaya ba sai na katin zama, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar.

Matarsa, Inna Ƙulu, ba mai yawan magana ba ce. Sau ɗaya ta ce wa babban ɗanta Audi fuskar Malam ta fara ɓace mata, in ta rufe ido hular take gani da gemun, tsakiyar babu. Maganar nan ta tsaya wa Audi a rai ƙwarai.

Sai ƙanwarsa Nuriyya ta tuna. Ranar wata ƙaramar Sallah, lokacin da wayoyi suka gama kashe masa sana'a, Baba ya miƙa mata kyamarar ya ce ta ɗauke shi. Ta danna, ya karɓa, ya sa a akwati, bai sake taɓa ta ba. Ashe kenan fim ɗin yana ciki, fuskar kuma tana cikin fim ɗin.

To, shi Audi mai shago ne, madara da sardin da sabulu yake sayarwa, amma a ganinsa babu kayan da zai riƙe a hannu ya kasa faɗin asalinsu. Ya ɗauki kyamarar ya ce a bar masa komai. Baƙa ce, ta ƙarfe, mai nauyi kamar dutsen guga, gumin hannun Baba ya goge sunan da ke gabanta. Ya zauna a shago yana kallon bidiyo a waya har masu sayen sukari suka riƙa gajiya suna wucewa gaba. A duk abin da ya kalla, abu ɗaya ya riƙe daidai: kada a kuskura a buɗe bayan kyamara a cikin haske, fim zai ƙone. Sauran kuwa da ka ya cike. Ya ga wani fari-fari kamar saƙar gizo a cikin gilashin, ya sa hannun riga ya murje. Ya ji maɓallin yana tauri, ya aro man keken ɗinki wurin tela ya ɗiga mata har tana ƙyalli.

Ana nan sai ya ci karo da hoton wata kyamarar Jamus da aka yi gwanjonta a Turai da tsadar da ta sa shi salati. Ya dubi tasa, ya dubi waya, wallahi kamar an tsaga kara. Mai hankali sai ya yi shiru ya je ya tambaya. Shi kuwa kafin la'asar ya isa majalisar ƙofar masallaci, yana faɗa wa duk mai kunne cewa kyamarar Baba ta fi tsohuwar motar Baba daraja, motar da ake tasi da ita tsakanin Lalala da unguwar Glass. Da maganar ta zaga kasuwa ta dawo, ta yi ƙiba. Wasu suka ce ai ba ƙarfen ba ne, zinare Malam Taufiƙ ya ɓoye a ciki, shi ya sa Audi ya hana kowa taɓawa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a tsakar gida, da hantsi, rana tar. Baffa Hammadi, ƙanen marigayin, shi ne babba a wurin, ga liman, ga shaidu. Al'adarsu kuwa, duk abin da ke da murfi sai an buɗe shi a gaban mutane, don kada gobe wani ya ce an yi masa ɓoyo. Aka buɗe akwati, aka buɗe jaka, har gwangwanin allura sai da aka zazzage a tabarma. Da aka zo kan kyamara, Baffa ya miƙo hannu.

Audi ya durƙusa ya fara bayani da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba, wata 'yar siririya, cewa akwai hoto a ciki, haske zai kashe shi.

"Kai Audi, ina ce da haske ake yin hoto?" in ji Baffa. "Yau kuma shi ne ajalinsa? Yaro, in babu komai a ciki, buɗe mu gani."

Nuriyya ta yi magana daga bayan labule, aka ce mata ta bari maza su gama. Audi ya dubi shaidu, ya ga rabinsu 'yan majalisar da ya yi wa cika baki ne, suna kallonsa irin kallon da ake yi wa mai awo da ƙaramin mudu. Bakinsa ne ya jawo masa, ya sani, kuma ba damar musu da ƙanen uba a gaban jama'a. Ya rungume kyamarar a ƙirji, tsoro ya kama shi sosai.

Liman ne ya kawo mafita. Ya ce in magaji ya ɗauki abu a rabonsa bisa ƙimar da kowa ya yarda da ita, to ya zama nasa da duk abin da ke ciki, ba dole a buɗe ba. Ya tambayi ƙimar. Nan fa shaidu suka haɗa baki: ai Audi da kansa ya ce ta fi motar. Motar kuwa ita ce aka yi niyyar ta faɗo a rabonsa. Audi ya buɗe baki zai ce wasa yake yi, sai ya hango ƙafafun Inna ta ƙasan labule.

"Na karɓa," ya ce.

Washegari ya shiga tasi zuwa Glass, wurin Madam Aïssatou, wata mai gidan hoto, haihuwar Libreville amma iyayenta mutanen Maraɗi ne. A hanya yana lallashin kansa cewa ko ba komai ya mallaki dukiyar Jamus. Ta juya kyamarar sau biyu, ta shinshina ta, ta tambaye shi wa ya soya ta. Ya ce wani yaro ne. Ta nuna masa wasu ƙananan haruffa a ƙarƙashi, ta ce ƙirar Rasha ce, kwaikwayon ta Jamus ɗin, irin wadda aka buga ta cika duniya. Fari-farin gilashin fumfuna ce, damshin garin nan ba ya barin komai, hannun riga kuma ya ƙara mata zane. Man keken ya malale har kan labulen da ke buɗe wa haske hanya, sai an warware ta an wanke. Da ya tambayi daraja, ta ce za a iya samun mai son ado ya ajiye a kan kantar shagonsa.

Sannan ta danna wani ɗan maɓalli, ta murɗa wata 'yar ƙusa a sama, ƙirrr, fim ya koma cikin kwandonsa. Ta buɗe bayan kyamarar nan a gaban taga, ta ciro shi. Audi ya tsaya yana kallo. Da ya san 'yar ƙusar nan, da jiya ya buɗe wa Baffa ya leƙa har ya gaji. Ya nemi kujera ya zauna.

Ta ce ba ta da sinadarin wanke mai launi, sai dai ta gwada shi a baƙi da fari, kuma kada ya sa rai, zafi da shekaru sun yi aikinsu. Kwanakin da ya yi yana jira, ko wayar bai iya kallo ba.

Da ya koma, yawancin hotunan sun zama hayaƙi. Na ƙarshen ne ya fito, dishi-dishi, a karkace. Ga Malam Taufiƙ nan cikin babbar riga, bai shirya ba, baki a buɗe, gira a haɗe, ya ɗago yatsa yana nuna wa mai ɗaukarsa yadda ake riƙe kyamara. Audi ya yi dariya, dariyar ta juye masa zuwa kuka, sai da Madam ta ba shi wuri ta shiga ciki.

Ya tarar da Inna a ɗaki tana tsintar shinkafa. Ya durƙusa ya miƙa mata. Ta goge hannu a zani, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta kai hoton kusa da ido, ta daɗe a haka.

"Shi ne," ta ce. "Ko a nan ma faɗa yake yi."

Ta juya masa baya da hoton a hannu, ta ce ya ja mata ƙofar in zai fita.