Sunayen Waken Kaka Shatu

A shekarar 1998, a wata kwaleji a Birnin Konni, akwai malamin lissafi da ake kira Mushe Tanimun, da ɗalibai kaɗan da suke tsayawa wurinsa bayan an tashi. Kwamfuta ɗaya gare su, tsohuwa, wadda wani aikin raya karkara ya bar wa lakwal, wato makarantar, da ya ƙare. Ba su da ta biyu, ba su da batirin da zai riƙe ta in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kuran ɗin kuwa ba ya sallama kafin ya tafi. Zuwaira, 'yar ƙauyen Bazaga da ke zaune wurin gwaggonta a gari, ita aka ba aikin kunna ta da kashe ta.

Mushe Tanimun ya nuna musu yadda na'urar take tashi. Ayyukanta a jere suke cikin wani fayil, ɗaya na bin ɗaya. Da farko takan buɗe faifanta don karatu kawai, ta duba ko yankewar kuran ta bar wata ɓarna, kamar mai leƙa rumbu ya ga ko gara ta shiga kafin ya zuba sabon hatsi. In ta gama, sai ta sake buɗe faifan yadda za a iya rubutu a kansa. Daga nan sauran ayyuka su tashi. Dubawar nan takan daɗe, har ɗaliban su gaji da kallon lambobi suna tafiya.

A ƙarshen jerin akwai wani ɗan shiri da ya rubuta da kansa, mai karɓar abin da aka buga ya ajiye. Da shi suke tattara maganar tsofaffi a kan irin shuka na da, waɗanda suka fara ɓacewa. Zuwaira ta ce kakarta ta fi kowa sanin wake a Bazaga. Ta yi ta aika saƙo gida har Kaka Shatu, wadda ba ta son gari, ta yarda ta bar roron wakenta ta zo.

Ana gobe za ta zo, Zuwaira ta kunna na'urar ita kaɗai. An ɗauke kuran da safe, don haka dubawar ta ja lokaci. Tana zaune sai ta hango tsohuwar a ranta, ta sha hanya a kan amalanke, an ajiye ta a benci tana jiran akwati ya shirya. A gidansu ba a taɓa barin babba yana jira ba. Shi ake fara ba ruwa, shi ake fara shimfiɗa wa tabarma. Sai ta buɗe fayil ɗin, ta ɗauko layin shirin daga ƙasa, ta kai shi can sama, gaba da dubawa. Ba ta gaya wa kowa ba. Tana so a ga abin mamaki.

Washegari kawunta Jibo ya kawo tsohuwar da hantsi, ya ɗaure jakinsa a gindin bishiyar bedi. Kaka Shatu ta tsaya a bakin aji ta ƙare wa na'urar kallo.

"Wanga akwati na munka bar gona dominai? Shina jin Hausa?"

"Ni ka jin Hausa, Kaka. Shi riƙewa shikai."

"Ke da ba ki riƙe saƙon gishiri daga kasuwa zuwa gida? To, Allah shi sa shi hi ki kai."

Mushe Tanimun ya durƙusa ya gaishe ta, ya ba ta kujerarsa. Zuwaira ta danna makunni. Nan da nan shirin ya fito a allo, dubawa na can tana tafiya a bayansa. Wani layi ya gifta a sama da sauri, ba wanda ya kula. Malamin ya ce, "Yau ta tashi da wuri," ya koma tambayar baƙuwa labarin damina.

Da farko tsohuwar a taƙaice take magana. Ta kwance bakin zane ta zuba 'yan ƙwayoyi a kan tebur, tana ture su da yatsa: ga ɗan wuri, ga ja mai yaɗo, ga mai baƙin ido wanda ba ya son jigawa. Can sai bakinta ya buɗe. Ta faɗi yadda uwarta ta ɓoye iri a tulu cikin toka a shekarar yunwa, ta binne a ƙarƙashin gado, yara na kuka ta ƙi tonowa, da abin da mutanen gida suka kira ta saboda haka. Jibo, da ke jingine da ƙofa, ya daina wasa da bulalarsa. Bai taɓa jin wannan ba. Zuwaira na ta bugawa, idonta a kan haruffa, kalmomin na bayyana a allo layi bayan layi.

Da rana ta take, malamin ya ce za a fitar mata da maganarta a takarda ta tafi da ita. Aka kai tsohuwar inuwa ta sha fura. Zuwaira ta rufe shirin, ta buɗe fayil ɗin ajiya. Babu komai a ciki.

Mushe Tanimun ya jawo benci ya zauna kusa da ita. Ya nemi layin da ya gifta ɗazu ya karanta mata: faifai na karatu ne kawai, ba a iya rubutu. Sai ya buɗe jerin ayyukan, ya dube shi, ya dube ta.

"Ni na maida shi sama, Mushe. Don kada ta jira."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce shirin sau ɗaya yake neman wurin ajiya, lokacin da ya tashi. Ya nema ya tarar a rufe, bai sake komawa ba, ko bayan an buɗe faifan. Duk abin da ta buga a ƙwaƙwalwar na'ura ya tsaya, da ta rufe shirin ya tafi. "Ni ma da na sa shi ya tsaya ya yi ƙara, da mun sani tun da safe. Wannan zan gyara. Mayar da layin wurinsa. Amma ita Kaka, ke za ki gaya mata."

Zuwaira ta so ƙasa ta tsage. Ta yi ƙoƙarin tuno labarin tulun don ta rubuta da kanta, sai ta ga guntu-guntu kawai ta riƙe, domin hankalinta na kan haruffa. Ta fita, ta durƙusa a gaban kakarta, ta faɗa mata, kanta a sunkuye.

Tsohuwar ta ajiye ludayi. "Duka?"

"Duka, Kaka."

"Har na Innata da tulu?"

Zuwaira ta gyaɗa kai. Jibo ya dubi rana ya ce in ba su kama hanya yanzu ba, duhu zai same su. Kaka Shatu ta ture furar gefe. Sannan ta dafa kafaɗar yarinyar ta miƙe.

"Mu koma. Ba ni zuwa garin ga sau biyu."

Malamin ya ce a sake tayar da na'urar a gabansa, a ga jerin ya koma daidai. Na'urar ta yi ta dubawa, lambobi na tafiya a hankali. Kaka Shatu na zaune, hannuwanta a cinya, ba ta ko nuna ƙosawa ba, wannan ya fi komai ƙona Zuwaira. Da shirin ya fito, aka buga layi ɗaya, aka leƙa fayil, aka gan shi, sannan aka ci gaba.

Tsohuwar ta maimaita sunayen, da ƙasar da kowane iri yake so, da lokacin shukarsa. Muryarta ta gaji. Da aka zo wurin tulu, Zuwaira ta ɗaga hannu daga madannai ta juyo tana saurare.

"Wancan na hwaɗe shi ɗazu," in ji Kaka Shatu. Ta tattara ƙwayoyinta ta ƙulle a bakin zane.

Aka ba ta takarda shafi guda. Jibo ya kwance jaki. Zuwaira ta raka su har bakin titi, ta tsaya har amalanken ya yi nisa. Ta gane cewa jiran da ta so ta ɗauke wa kakarta shi ne lokacin da ake shirya wurin da maganarta za ta zauna.