Akwatin Gawar Barazil

Da aka busa tashi, Barazil ta fita daga gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, Wilner ya kasa zama wuri ɗaya. Ya je bakin ƙofar makarantar da suke gudun hijira a ciki, ya dawo, ya sake komawa, rigarsa ta Barazil mai ruwan ɗorawa ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Kai dai zauna ka ci shinkafa da waken nan," in ji matarsa Guerline. "'Yan ƙwallon da ko sunan ƙasarmu Haiti ba su iya faɗa ba, su za su kashe min miji?"

Bai kula ta ba, don ba ƙwallon ce ke cinsa ba. A nan Port-au-Prince, babban birnin Haiti, duk ranar da aka fitar da Barazil sai magoya bayan Ajantina su lulluɓe akwatin gawa da tutarta, su zaga gari suna kukan ƙarya. Ƙanensa Fritznel ne kullum a gaba, kuma a ƙofar Wilner yake fara dire akwatin, yana ta ihun, "Yaya, sai haƙuri! Fito ka ga gawarku!" Amma tun da 'yan daba suka ƙwace unguwarsu, Fritznel ya kafe sai ya tsaya gadin gidan mahaifiyarsu, daga baya wayarsa ta daina shiga. Wilner ya san halin ɗan banzan nan sarai: in dai yana numfashi, yau ko da rarrafe ne sai ya zo ya yi masa tsiya.

Can da la'asar sai ga ganguna da ƙaho. Wilner ya kutsa cikin taron yana leƙa fuskokin masu ɗauke da akwatin ɗaya bayan ɗaya, har da tura wani gefe don ya ga na bayansa. Duk baƙin fuska ne, kuma ba wanda ya san a gabansa ake fara dire akwatin.

"Kai, ga ɗan'uwan mamaci!" wani mai rigar Ajantina ya ƙwala, aka sa dariya. "Baba, zo ka yi bankwana!"

Wilner ya matsa ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin akwatin. Ba nauyi, ba komai a ciki. Kukan da ya daɗe yana dannewa ya ƙwace masa, yana tafe yana kiran sunan Fritznel, ganguna sun danne muryarsa.

Jama'a kuwa suka yi ta tafi, suna cewa ba su taɓa ganin mai son Barazil kamar wannan dattijo ba.