Kwalba Huɗu a Gidan Surukai

Ranar Lahadi Nadim ya shiga gidan surukansa a garin Batrun na ƙasar Lebanon rungume da ɗan kwali mai kwalba huɗu na wata giya ta musamman, kai ka ce jariri ya ɗauko. Dala goma sha biyu ya biya, kuɗin da ya kusa sayen katan guda na giyar da kowa ke sha.

Mutum tara ne a teburin, hankalin kowa na kan gasasshen kifi, amma sai da ya yi musu lacca. Wai wasu samari masu gemu ne ke dafa ta tukunya ɗaya-ɗaya a kan dutse. Wai tana ƙamshin ɓawon lemo da zuma, kuma ba a kwankwaɗarta sai an shinshina.

"To, miƙo mu shinshina," in ji Tanios, uban matarsa.

Tsohon ya jawo kofi, ya dangwala bakin kofin a gishiri, ya matse lemon tsami har kusan rabi, yadda yake yi wa kowace giya shekara arba'in. Sannan ya tuttula ta Nadim a kai.

"Haba Baba, ai wannan ba a sa mata komai!"

"A gidan nawa?"

Ya kafa kai, bai dire kofin ba sai da ya ga gindinsa. Ya lashe leɓe, ya gyaɗa kai.

Zuciyar Nadim ta ɗan yi sanyi. "Ka dai ji bambanci, ko?"

"Ƙwarai kuwa, ɗana. Lemon bana akwai ruwa."