Kujerar Cikin Zane

Me ya sa mai zanen ya zuba duk haskensa a kan 'yar aikin da ke durƙushe tana sa wa uwargijiyarta takalmi, ya bar uwargijiyar a kan kujera cikin inuwa? Tausayi ne, ko durƙuson ne ya yi masa kyau? Ya fi shekara ɗari uku a kabari, ba mai tambayarsa.

Duk bazara mutanen garin kan kwaikwayi zanen a dandalin kasuwar cuku: a sa tufafin da, a sandare minti goma, jama'a na kallo. Bana Uwargida Van Heukelom, matar likita, ta ce ita ce 'yar aiki. Kujerar kuma ta bar wa Wietske, mai goge mata daɓe duk Talata.

Wietske ta kasa tsayawa wuri ɗaya a bayan labule. Ta je bakin matakala, ta dawo, tana jan wuyan rigar silikin.

"Ni fa ba zan zauna ba, Teun," ta ce wa mai shirya bikin.

"Haba, Wietske! An ce ki huta, kina gardama? Ni a ba ni mana, har da gemuna."

"Kai ba ka da Talata. Yau Uwargida ta sa mini takalmi a gaban gari, in abin ya dawo yana cin ta, wa zai ba ni wani gidan?"

Sai ga Uwargida cikin kayan aiki masu karin guga, tana ƙamshi, da matashi a hammata.

"'Yar uwa, kada ki ji komai, wasa ne. Ni tun ina ƙarama rayuwar masu aiki ke burge ni. Ba ruwansu da damuwa." Ta ajiye matashin, ta durƙusa a kai. "Kin gani? Ba wuya."

Wietske ta dubi matashin. Shekara goma sha ɗaya tana durƙuso a kan dutsen zauren matar nan. Da sanyi, sai ta dafa bango take iya tashi.

Aka buga ƙararrawa. Teun ya kama igiyar labule, yana roƙon Wietske da ido.

"Ranki ya daɗe," in ji Wietske, "a zanen babu matashi."

"Na'am?"

"Babu. Jama'a kuwa sun san zanen."

Uwargida ta dubi Teun. Teun ya dubi igiyarsa. A hankali Uwargida ta zare matashin, gwiwoyinta suka sauka a kan katako.

Wietske ta tattara silikin, ta zauna, ta miƙa ƙafa.